Abin da Tsofaffin 'Yan Tseren Dirag Suke Kewa

A arewacin garin Bakersfield na jihar Kalifoniya akwai filin tsere mai suna Famoso. A nan ne aka fara taron tsofaffin hannu na tseren dirag, wato tseren motoci biyu a kan gajeren miƙaƙƙen titi, a 1992, kuma daga shekarar 2000 aka ƙara masa wani shagali da ya zo ya fi tseren kansa jan jama'a. Ana fito da motocin shekarun 1950 da 1960 da aka farfaɗo da su, a turo kowacce daga baya har injinta ya kama, sannan a jera su a bar injinan suna ruri a tsaye. Direbobin da ke ciki da yawansu sun haura saba'in. Wuta na tsartuwa daga bututun salansa, tururin man yana sa 'yan kallo hawaye da tari, amma ba mai matsawa. Ba a tsere, ba wanda ya zo na ɗaya. Sunan shagalin Cacklefest.

In ka bi hirarrakin da ake yi da waɗannan dattawa, kusan bakinsu ɗaya: wasan ya fi daɗi a da. Kowane tsoho yana faɗin haka game da zamaninsa, don haka da sauƙi a yi watsi da maganar. Ni dai ina ganin ta cancanci a warware ta, domin a cikinta akwai ɓangaren da suke da cikakkiyar gaskiya, akwai kuma ɓangaren da kewa ta rufe musu ido.

Wasan kansa ba shi da sarƙaƙiya. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen titi, su tashi daga tsaye, su yi gudun kwata mil, wato ƙafa 1,320 ko kimanin mita 402. Wanda ya riga tsallake layi ya wuce zagaye na gaba, wanda aka kayar ya ɗaure motarsa ya kama hanyar gida. Babu kwana, babu dama ta biyu da za ka gyara kuskurenka. Ana auna abu biyu: daƙiƙoƙin da motar ta ɗauka, da saurin da take kai lokacin da ta isa ƙarshe.

Asalinsa daga hamada ne. A shekarun 1930 samarin Kudancin Kalifoniya kan kwashi tsofaffin motocin Ford, su cire musu duk abin da ke ƙara nauyi, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave irin su Muroc da El Mirage don gwada wa ya fi gudu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya mai suna SCTA domin a riƙa auna gudun bisa tsari. Sai yaƙin duniya na biyu ya zo, soja suka karɓe Muroc, samarin kuma aka kwashe su zuwa fagen fama. Da suka dawo, sun dawo da sana'a a hannu: wani ya koyi gyaran injin jirgi, wani walda, wani aikin lantarki. Ga ɗan kuɗi a aljihu, ga tsofaffin motoci arha. Hamada ta yi nisa a je kullum, sai suka koma tsere a titunan gari da dare, daga wannan danja zuwa waccan. Aka yi ta haɗari, jaridu suka sa su gaba, 'yan sanda suka shiga farautarsu.

Mafitar ta fito daga filayen jirgin sama da yaƙi ya bari. A 1949 an yi tsere mai tsari a Goleta kusa da Santa Barbara, sannan a 1950 wani mai gareji, C.J. Hart, wanda kowa ke kira Pappy, ya samu izinin amfani da wani titin jirgi da ba a aiki da shi a filin jirgin Orange County. Wannan shi ne Santa Ana, filin dirag na farko da ya riƙa buɗewa duk Lahadi ana biyan kuɗin shiga. Matarsa Peggy ma tana tuƙi a wurin. A 1951 kuma Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa NHRA, hukumar da ke kula da tseren dirag a Amurka. Abin lura shi ne yadda ya jawo 'yan sanda jiki maimakon ya yi gaba da su. Tseren farko da hukumar ta shirya a 1953 an yi shi ne a filin ajiye motoci na dandalin baje kolin Pomona da goyon bayan 'yan sandan garin, kuma wani sajansu, Bud Coons, shi ya jagoranci ayarin da ya zaga Amurka daga 1954 yana koya wa ƙananan ƙungiyoyi yadda ake duba mota da auna gudu. A 1955 aka yi gasar ƙasa ta farko a Great Bend ta jihar Kansas, a wani tsohon sansanin jiragen yaƙi.

To, me dattawan suke kewa? Abu na farko, kuma mafi nauyi a wurina, shi ne cewa a wancan lokacin mai haɗa mota shi ne mai tuƙa ta, kuma talaka ne. Dick Kraft ya zo Santa Ana da wata tsohuwar Ford da ya tuɓe mata bodi har ba abin da ya rage sai shasi da inji da wurin zama, ana kiranta The Bug. Daga irinta aka samo siffar doguwar motar dirag. Bayan kamfanin Chrysler ya fito da injin Hemi a 1951, musamman babbansa na 1957 da 1958, sai wuraren 'yan gwangwan suka zama kasuwar 'yan tsere. Mota ta yi haɗari an yar da ita, bakanike ya je ya ciro injin a farashin tsohon ƙarfe, ya kai garejin gidansa, ya kwance shi ƙusa-ƙusa. Shasin kuwa da bututun ƙarfe ake haɗa shi, sau da yawa a zana tsawonsa da alli a daɓen gareji kafin a kunna walda. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna ya ga yadda ake tayar da inji daga tarkace zai gane irin mutanen da ake magana. Abokai uku ko huɗu ne ke haɗa kuɗi, ɗaya ya iya inji, ɗaya walda, ɗaya kuma ya fi kowa ƙarfin zuciya sai a ba shi sitiyari. Shi ya sa sunayen motocin zamanin suke zuwa da sunaye biyu ko uku a jere. Ranar Juma'a da yamma a tashi daga aiki, a ɗaura motar a bayan a-kori-kura, Litinin da safe kowa yana bakin aikinsa.

Kuma irin waɗannan mutane suna iya cin gasa. Don Garlits, wanda aka haifa a 1932 a Tampa ta jihar Fulorida, a ƙarƙashin bishiya a gidansa ya haɗa motar tserensa ta farko. Da labari ya isa Kalifoniya a 1957 cewa ya haura mil 170 a awa, mutanen can suka ce agogon Fulorida ne ke ƙarya. Sai da ya tsallaka ƙasar da motarsa ya yi tsere a gabansu kafin bakinsu ya mutu. A 1964 ya kafa tarihin haura mil 200 a awa, kusan kilomita 322.

Abu na biyu shi ne yadda komai yake a fili, ido na gani. Motocin ba su da sitata, don haka wata mota ce ke turo su a gaban 'yan kallo har direba ya saki kuloci injin ya kama. A bakin layi mutum ne ke tsaye tsakanin motocin biyu da tuta a hannu. Yakan nuna wannan direba, ya nuna wancan, ya durƙusa, sannan ya daka tsalle ya ɗaga tutar. Ƙwararren direba ba tutar yake kallo ba, jikin mai tutar yake karanta: motsin gwiwarsa, ɗagawar kafaɗarsa, yadda yake jan numfashi kafin ya tashi. Wanda ya san halin mai tutar filinsu ya riga baƙo da rabin mota. Da an tashi kuma tayoyin baya ba sa daina juyawa a banza, hayaƙi fari ya biyo motar tun daga farko har kusan ƙarshe, direba na ta kokawa da sitiyari don kada ta karkace. A gasar ƙasa ta 1963 aka maye gurbin mai tuta da sandar fitilu masu sauka daga ruwan ɗorawa zuwa kore, da ja ga wanda ya yi gaggawar tashi. Direbobi da yawa sun yi ƙorafi a lokacin. Amma a gaskiya fitilar ta fi adalci, domin mai tuta ɗan Adam ne, yana da abokai, kuma rigimar wa ya riga tashi ba ta ƙarewa a zamaninsa.

Sai maganar mai, wadda sai an fahimce ta za a gane me ya sa tsofaffin ke yin hawaye da murna a Famoso. Ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan man da zai iya ƙonawa a kowane bugu, kuma abin da ke taƙaita shi iska ce. Fetur na buƙatar iska mai nauyin kusan ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai. Sinadarin nitromethane, wanda 'yan wasan ke kira naitiro, yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, don haka ninki 1.7 kawai yake nema. Ma'ana, a silinda ɗaya za ka iya ɗura naitiro ninki takwas na fetur. Ko da yake kowace lita tasa ba ta kai ta fetur zafi ba, jimillar ƙarfin da ake samu ya haura ninki biyu. Matsalar ita ce ba ya yafiya. In aka kuskure ma'auni kaɗan, ko fulogi ɗaya ya ƙi kamawa man ya taru, injin ne ke tarwatsewa. A farkon 1957 Emery Cook ya yi gudun kusan mil 167 a awa a filin Lions na Long Beach, hankalin masu filaye da na NHRA ya tashi, aka haramta naitiro a gasannin hukumar har zuwa 1963. Haramcin bai kashe shi ba. Wata ƙungiyar Bakersfield mai suna Smokers ta shirya gasarta a Famoso a watan Maris na 1959 inda aka bar kowa ya zuba abin da ya ga dama, Art Chrisman ya lashe ta, jama'a kuma suka yi tururuwa can. Daga ƙarshe hukumar ce ta sauko. Dattawan na son wannan labari domin yana nuna lokacin da 'yan tsere ke da bakin magana a kan hukuma.

A nan ne kuma nake rabuwa da su. Motar da suke yi wa kallon ƙauna, wadda Mickey Thompson ya fito da fasalinta a tsakiyar shekarun 1950, tarko ce. Don a ɗora nauyi a kan tayoyin baya, an mayar da direba can ƙarshen mota, bayan gatarin baya. Ƙafafunsa na miƙe a kan akwatin giyar da ke juya tayoyin, kuloci na tsakanin sawayensa, injin kuma na gaban fuskarsa kai tsaye. In inji ya fashe, mai da wuta fuskarsa suke nufa a gudun mil 200. In kuloci ya tarwatse, ƙafafunsa ne a wurin. A shekarun farko wasu da 'yar shat da wandon jins suke tuƙi. Mutane da dama sun mutu, wasu sun ƙone, kuma duk dattijon da ya yi tsere a shekarun 1960 yana da sunayen abokan da ya raka makabarta. Masu ba da labarin yau su ne waɗanda suka tsira, wannan kuma yana canza launin labarin.

Ranar 8 ga Maris 1970, a filin Lions, giyabos ɗin motar Garlits ya fashe a daidai tashi. Motar ta rabe biyu, ya rasa wani sashe na ƙafarsa ta dama. Yana kwance a asibiti ya fara zana motar da injinta zai koma bayan direba. Wasu sun gwada hakan kafin shi ba su ji daɗi ba, domin motar kan ƙwace a babban gudu. Shi da abokan aikinsa suka gano cewa sitiyarin ne ya cika saurin amsawa, suka rage masa kaifi, motar ta miƙe. A farkon 1971 ya lashe gasar Winternationals a Pomona da ita, kuma cikin shekara biyu kusan kowa ya koma wannan fasali. Wanda ya kawo ƙarshen motar da ake kewa ɗaya ne daga cikin manyan gwanayenta, kuma ya yi hakan ne bayan ta ci ƙafarsa. Ban ga yadda za a yi kewar wannan kujera da gaske ba.

Haka batun rage tsawon fili. A watan Yunin 2008 Scott Kalitta ya rasu a Englishtown ta jihar New Jersey bayan injinsa ya fashe kusa da ƙarshe, motar ta wuce wurin tsayawa ba ta tsaya ba. NHRA ta rage tseren manyan ajujuwa biyu masu amfani da naitiro zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305. Har yau akwai tsofaffin da ke cewa abin da bai kai kwata mil ba ba dirag ba ne. Na fahimci zafin, domin duk tarihin da suka kafa da kwata mil aka auna shi, yanzu ba a iya kwatanta na da da na yau. Sai dai yawancin filayen an gina su ne lokacin da mota ke gudun mil 200, ga shi Kenny Bernstein ya haura 300 tun 1992, kuma ba kowane fili ke da sararin da za a ƙara masa tsawo ba. Ƙafa 320 da aka cire sun koma wurin taka birki da buɗe laimar da ke rage wa mota gudu.

Akwai kuma abin da hirar tsofaffi kan tsallake, wato wa aka bari ya shiga. Gaskiya ne dirag ya riga yawancin wasannin mota na Amurka buɗe ƙofa. A farkon shekarun 1960 ɗaya daga cikin motocin da suka fi farin jini ita ce ta Stone, Woods da Cook: masu ita biyu baƙaƙen fata ne, direbanta Doug Cook farar fata, a lokacin da wariya ke da ƙarfi a kudancin ƙasar. Shirley Shahan ta lashe babbar gasar NHRA a 1966. Amma Shirley Muldowney sai da ta sha fama da jami'ai da abokan tsere kafin ta samu lasisin ajin Top Fuel, ajin motocin naitiro mafi gudu, a 1973, sannan ta zama zakara a 1977 da 1980 da 1982. Baƙar fata kuwa bai zama zakaran wannan aji ba sai 2012, lokacin da Antron Brown ya yi. Ta wannan fuska yau ta fi jiya.

Inda gaskiyarsu take cikakkiya shi ne kuɗi. A 1970 kamfanin Mattel mai kayan wasan yara ya ɗauki nauyin Don Prudhomme da Tom McEwen, waɗanda ake wa laƙabi da Maciji da Tunku, don tallata ƙananan motocinsa na Hot Wheels. A 1975 kamfanin taba mai Winston ya ɗauki nauyin gasar NHRA baki ɗaya. Kuɗin sun kawo talabijin da kyaututtuka masu tsoka, sun kuma ba direbobi damar rayuwa da wasan, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da a da suke kwana a mota. Amma da kuɗi suka shigo, sai tsere ya koma na wanda ya fi iya ƙona kaya. Motar Top Fuel ta yau tana da ƙarfin doki wajen 11,000, tana cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, tana haura mil 330 a awa. Injinta har yanzu a kan fasalin Hemi yake, amma babu ƙusa ɗaya a jikinsa da ta fito daga motar titi. Bayan kowane gudu ma'aikata kan kwance shi gaba ɗaya su sake haɗawa cikin kusan awa guda, su zubar da duk abin da ya gaji. Shugaban makanikai na zaune gaban kwamfuta yana nazarin bayanan da na'urori suka naɗa, yana saita yadda kuloci zai kama daki-daki. Direba na da nasa aikin, kuma mai wuya ne, amma sau da yawa ba shi ya haɗa motar ba, ba shi ya mallake ta ba. Wasu manyan gidajen tsere kan shigo da motoci da dama a gasa ɗaya. Abokai huɗu da walda a gareji ba su da wurin tsayawa a wannan aji, kuma ko a manyan gasanni wani lokaci da ƙyar ake cika gurabe 16.

Filayen ma sun yi ta tafiya. Santa Ana ya rufe a 1959 da harkar jirage ta bunƙasa. Lions ya rufe a watan Disambar 1972 bayan ƙorafin ƙara daga maƙwabta, kuma hukumar tashar jiragen ruwa mai filin ta karɓi abinta. Orange County International Raceway ya bi su a 1983, Englishtown ya daina dirag a 2018. Labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an gina fili a bayan gari, gari ya tarar da shi, ƙasar ta yi tsada, sababbin maƙwabta ba sa son ruri. Wannan ya fi damuna fiye da batun tuta ko kwata mil, domin dalilin kafa wasan tun farko shi ne a ɗauke samari daga titi a ba su wuri mai shinge da motar asibiti. Duk filin da ya rufe, samarin yankin ba sa daina son gudu, titi suke komawa.

Ƙaramin mai mota bai rasa wuri gaba ɗaya ba. Yawancin masu tsere a Amurka yau suna ƙananan ajujuwa ne, kuma da yawansu suna yin nau'in da kowa ke rubuta lokacin da yake sa ran motarsa za ta yi a jikin gilashi. Wanda motarsa ta fi nauyin jiki a ba shi kore da wuri daidai da bambancin, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Da wannan tsari motar zuwa aiki na iya kayar da wadda aka kashe wa dukiya, in dai mai ita ya san ta sosai kuma ya iya tashi a kan fitila. Tsari ne mai kyau, ya riƙe ƙananan filaye da dama da rai. Sai dai abin da ke kawo nasara a cikinsa shi ne daidaito, har direba kan taka birki kafin layi don kada ya wuce lokacinsa, alhali mutanen Santa Ana da Lions sun yi ƙuruciyarsu ne suna neman dabarar da za ta ƙara musu mil ɗaya a awa a kan na makon jiya.